Kaushin bututu da idon raga na farko: abin da ya hana lissafinka dacewa da Moody

Tambayar daga wani ɗalibin injiniya take, mai karatun digiri na biyu a nan Sakkwato. Ga abin da ya ce: "Malam, ina kwaikwayon gudun ruwa a kwamfuta cikin tsohon bututun ƙarfe mai faɗin milimita 300, irin wanda ke ɗauko ruwa daga tashar famfo ta bakin gulbi, da gudun mita 1.5 a sakan. An koya mana cewa raga mai kyau ita ce mai y+ na 1. Na yi haka, na zaɓi samfurin SST, na sa kaushin bango milimita 1. Asarar matsin da na samu ta ƙi dacewa da taswirar Moody, kuma duk lokacin da na ƙara matse ragar sai amsar ta sake canzawa. Ina kuskuren yake?"

Ƙanina, kuskuren ba a hannunka kaɗai yake ba. Ga wanda bai saba ba: raga ita ce yadda ake yayyanka cikin bututun zuwa ƙananan gidaje don kwamfuta ta yi lissafi a kowane, ido shi ne gida ɗaya, y+ kuma shi ne nisan idon farko daga bango a ma'aunin gefen bango. Umarni biyu ka ba kwamfutar, kuma kowane yana tunkuɗe ɗan'uwansa. Ka ce mata bangon yana da tuddai masu tsayin milimita 1, sannan ka ce ta auna gudun ruwa a wani wuri da ke can ƙasan tuddan, inda a zahiri tsatsa ce, ba ruwa ba. Rufe kwamfutar tukuna, ɗauko biro da takarda, mu ga lambobin da idonmu.

Mu ce zafin ruwanka digiri 30. Kaurinsa, wanda muke rubutawa ν, kusan 0.8 × 10⁻⁶ ne. Lambar Reynolds (Re), wato gudu sau faɗi bisa kauri, ta zama 1.5 × 0.3 ÷ (0.8 × 10⁻⁶), wajen 560,000. Kaushi bisa faɗi, 1 bisa 300, ya ba da 0.0033. Zuba su cikin lissafin da Colebrook ya fitar a 1939, wanda a kansa Moody ya zana taswirarsa ta gogayyar bututu a 1944 (f lambar gogayya ce, ks kaushi, D faɗin bututu):

1/√f = −2 log₁₀( ks/3.7D + 2.51/(Re√f) )

Za ka samu f kusan 0.027. Da bututun sumul yake, da f bai wuce 0.013 ba. Wato a kowane kilomita ɗaya ruwanka yana asarar tsayin mita 10 da ɗoriya, maimakon mita 5. Kaushin nan ya ninka asarar da famfo zai cike, don haka ba abin wasa ba ne.

Yanzu gudun gogayya, uτ = V√(f/8), inda V yake gudun ruwan, ya fito kusan mita 0.087 a sakan. Raba ν da shi, ka samu ma'aunin tsayi na gefen bango: milimita 0.009. Wannan ɗan tsayin shi ne y+ na 1. A nan ka ajiye tsakiyar idon ragarka na farko. Kaushin da ka rubuta kuwa, in an auna shi da wannan ma'aunin, wanda ake kira ks+, ya kai wajen 110. Idanun raga da yawa ka jera a cikin ramin tsatsa, kana tambayarsu labarin gudun ruwa.

Abin ma ya fi haka muni. Dokar gudun ruwa kusa da bango mai cikakken kaushi ita ce u+ = (1/κ) ln(y/ks) + 8.5, inda u+ yake gudun ruwa bisa uτ, y nisa daga bango, κ kuma kusan 0.41. Sa y daidai da ks bisa 110 ka gani: amsar ta faɗi ƙasa da sifili, kusan −3. Dokar tana kaiwa sifili ne a wajen ks bisa 30, duk abin da ke ƙasa da nan kuma cewa take yi ruwan baya yake komawa. Babu manhajar da za ta bari hakan ta fito fili, shi ya sa masu rubuta su suke ɓoye wani birki a ciki, wasu su datse ƙimar, wasu su matsar da bangon. Amsar da kake gani tana yawo duk sanda ka matse raga, rabinta aikin birkin nan ne.

To daga ina ks ɗin ya samo asali? A nan ne mafi yawan ɗalibai suke zamewa, suna zaton tsayin wani abu ne da za a iya aunawa da rula. A 1933, a garin Gottingen na Jamus, Nikuradse, ɗalibin Prandtl, ya tankaɗe yashi ya ware ƙwayoyi masu girma ɗaya, ya manne su cunkus a cikin bututai, ya yi ta tura ruwa yana auna asara. Rabin faɗin bututansa ya kama daga ninki 15 na girman yashin har zuwa ninki 507. Ya ga matakai uku. In ks+ bai kai 5 ba, yashin na kwance cikin siririyar shimfiɗar nan ta jikin bango inda kaurin ruwa ke mulki, ruwan bai ma san da shi ba. In ya wuce 70, kaurin ruwa ya fita daga zancen, turereniyar ruwa da ƙwayoyin yashin ce kaɗai ke jawo asara. Tsakanin biyun kuma riƙon ƙwarya ne. Bayan shekara uku Schlichting ya kawo shawarar a riƙa kwatanta kowane irin kaushi da yashin Nikuradse. Saboda haka in an ce ks na bututunka milimita 1 ne, ma'anarsa: bututun nan yana ja wa ruwa asara irin wadda yashin Nikuradse mai milimita 1 zai ja. Ba a ce tuddan cikinsa milimita 1 suke ba.

Kwamfutar ma ba ta ganin tudu ko ɗaya. Bangon da ke cikin ragarka sumul yake kamar madubi. Abin da ks ke yi kawai shi ne ya sauko da layin logaridim na gudun ruwa, irin dokar u+ da muka gani a sama, ƙasa da wani adadi, ΔB. Wannan saukarwar kuwa ba ta da ma'ana sai a inda dokar logaridim take aiki, wato sama da y+ na 30, kuma sama da kan tuddan. Shi ya sa zaɓen kaushi da zaɓen idon raga na farko shawara ɗaya ce. Tun ran gini ake zane.

Maganar y+ na 1 da aka koya muku gaskiya ce, amma ta bango mai santsi ce. A can kana so ka warware shimfiɗar ƙasa, wadda ke ƙasa da y+ na 5, da ta tsakiya, daga 5 zuwa 30, da kanka, musamman inda ruwa ke rabuwa da bango ko inda ake auna wucewar zafi. SST ɗin, samfurin lissafin hargitsin ruwa da Menter ya fitar a 1994, a nan ya yi suna. Amma a cikakken kaushi shimfiɗar ƙasan nan babu ita, tuddai sun wargaza ta. Me za ka warware?

Ga abin da zan yi da ni ne. Zan yi amfani da ƙa'idar bango, irin wadda Launder da Spalding suka tsara a 1974, wadda ke tsallake shimfiɗun ƙasa ta haɗa idon farko da bango ta dokar logaridim. Zan sa tsakiyar idon farko ta ɗara ks, misali milimita 1.25. Ka lura, tsakiya na ce. Manhajoji irin su Fluent da OpenFOAM daga tsakiyar ido suke auna y, don haka tsayin idon gaba ɗaya milimita 2.5 ne. Na sha ganin wanda ya manta wannan ninki biyun ya kwana yana neman abin da ya ɓata masa lissafi. Da wannan, y+ ɗinka zai kai wajen 135. Kada lambar ta tsorata ka. Rabin faɗin bututun milimita 150 ne, kusan 16,000 a ma'aunin bango, kuma yankin logaridim yana kaiwa wajen kashi 15 cikin 100 na rabin faɗin. Milimita 1.25 ko kashi 1 bai cika ba. Kana tsakiyar gidanka. Daga nan shimfiɗun raga su riƙa girma a hankali, kowace kada ta wuce ninki 1.2 na wadda ke ƙarƙashinta, kuma ta ƙarshe ta yi kusan girman idanun tsakiyar bututu, kada a yi tsalle daga siriri zuwa ƙato.

Sai ka duba shekarar manhajarka, ka karanta littafin bayaninta, shafin kaushin bango. CFX, da Fluent na baya-bayan nan, suna matsar da bango a lissafe da rabin tsayin kaushin, don haka ko idon farko ya yi ƙasa da ks lissafin ba ya tarwatsewa. Akwai kuma gyare-gyaren da aka yi wa dangin samfuran k-omega, wanda SST ke cikinsa, tun daga na Wilcox har zuwa na Knopp da abokan aikinsa a 2009 da na Aupoix, waɗanda ke shigar da kaushi ta hanyar canza ƙimar ω da k, lambobi biyun da samfurin ke bin hargitsin ruwa da su, a jikin bango. Waɗannan raga matsattsiya suke so, y+ na 1 ko ƙasa. Ka ga kenan amsar "wace raga zan yi" tana hannun dabarar kaushin da ka kunna. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka ɗauki ragar wannan ka aura wa dabarar wancan. A ra'ayina, ga miƙaƙƙen bututu kamar naka, ƙa'idar bango ta wadatar, ta fi arha nesa ba kusa ba, kuma a garin da wuta ke iya ɗaukewa lissafi yana tsaka, arha ba ƙaramin abu ba ne. Dabarun matsattsiyar raga ka ajiye su sai ka zo wajen bawul, ko gwiwar bututu, ko fiffiken famfo.

Kusa da inda ka rubuta ks akwai wani akwati, Cs, wanda aka riga aka cika da 0.5. Mutane ba sa taɓa shi, kuma ni ma ban ce ka yi ta murɗa shi ba. Amma ka san aikinsa. A cikakken kaushi ana lissafa ΔB da (1/κ) ln(1 + Cs·ks+), wato Cs da ks ninka juna suke yi. Ƙara wannan daidai yake da ƙara wancan, don haka in kana daidaita lissafi da awo, ɗaya za ka riƙe ka motsa ɗaya. Iyakokin matakan ma a Fluent 2.25 da 90 ne, ba 5 da 70 ba, saboda tsarin Cebeci da Bradshaw suka bi. Kada ka ɗauka da ka rubuta ks na Moody ka bar 0.5 shi kenan amsar Moody za ta fito cif. A mataki na tsakiya ma, yashin Nikuradse da lissafin Colebrook ba su taɓa yarda da juna ba. Layin yashi yakan ɗan nutse sannan ya taso, saboda ƙwayoyinsa girmansu ɗaya, tare suke leƙowa daga shimfiɗar ƙasa. Bututun kasuwa kuwa tuddansa manya da ƙanana ne, manyan tun da wuri suke fara cizo, layinsa a hankali yake gangarowa. Bututun ƙarfe sabo, mai ks na milimita 0.045, a gudunka ks+ ɗinsa bai kai 4 ba. Yana fara tsatsa ya shiga wannan yankin na gardama.

Saboda haka kafin ka gina ainihin aikin, yi gwajin da ba zai ci maka rabin awa ba. Ɗauki guntun bututu, ka haɗa bakinsa da ƙarshensa a lissafe yadda ruwan da ya fita zai sake shigowa, ko ka yi shi a fuska biyu kawai tun da zagayayye ne. Fara da bango sumul, ka ga ko f na 0.013 zai fito. In bai fito ba, matsalarka ba kaushi ba ce. Sannan ka kunna kaushin, ka nemi 0.027. In ka samu saɓanin kashi 3 ko 5 cikin 100, ka gode Allah ka wuce, don ita kanta taswirar Moody ba ta fi haka daidai ba. In ya yi yawa, gyara ks har ya zauna, ka rubuta a kundinka cewa ka gyara da dalilin gyaran. Wani tarko kuma: in bututunka gajere ne kuma ka shigar da ruwa da gudu bai ɗaya a baki, asarar farkon ta fi ta sauran. Ka bar ninki 30 zuwa 40 na faɗin kafin ka fara aunawa.

Gwajin matse raga da kake yi shi ma yana buƙatar gyara. In kana kan ƙa'idar bango, idon farko ka kafe shi, kada ya motsa. Sauran ragar za ka matse, ta tsawo da ta kewaye da ta tsakiya. In ka matse har da na farkon, ba raga kake gwadawa ba, samfurin bangon kake canzawa a kowane zagaye, shi ya sa amsar ta ƙi tsayawa. Kuma bayan lissafi ya kwanta, zana y+ a jikin bangon gaba ɗaya, kada ka tsaya ga matsakaici. A bayan gwiwar bututu, inda ruwa ke sakin bango, gogayya takan faɗi kusan sifili, y+ ya bi ta. A can ƙa'idar bango ba ta da ƙarfi, kuma ya kamata mai karanta aikinka ya san ka san haka.

Akwai abin da Sakkwato ta ƙara mana wanda littattafan Turai ba su damu da shi ba. Teburansu na ruwa mai digiri 20 ne, ν na 1.0 × 10⁻⁶. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura 40, taɓa bututun da ke kwance a rana ka ji. Ruwa mai digiri 40 kaurinsa ya sauko zuwa 0.66 × 10⁻⁶. Shimfiɗar gefen bango ta ƙara sirancewa, ks+ da y+ duka sun tashi da kusan rabi. Bututun da ke sumul a wurin ruwa da asubahin hunturu yana iya zama mai ɗan kaushi da azahar ɗin bazara, ga shi kuma ƙarfen bai canza ba. Ga tsohon bututunka da ya riga ya kai cikakken kaushi, f ba zai motsa sosai ba, amma y+ ɗin ragarka zai motsa. Sa zafin gaskiya.

Sai babbar tambayar da ba ka yi ba: wa ya ce maka milimita 1 ne? Tebur yana ba da milimita 0.0015 ga roba, 0.15 ga farin ƙarfe na famfon gida, 0.26 ga ƙarfen zubi, 0.3 zuwa 3 ga kankare, amma duk na sabon kaya ne. In kuma na'urar awon kaushi ka ɗora ta ba ka Ra, to Ra ba ks ba ne. Matsakaicin gangarowa da hawan fuska ne kawai, kuma ks yakan ninka shi sau da yawa. Fuska mai tsinin tuddai ta fi mai ramuka cin ruwa ko da Ra ɗinsu ɗaya. Flack da Schultz a 2010 sun fitar da lissafin da ke haɗa wannan karkatar, ks = 4.43 krms(1 + Sk)^1.37, inda krms yake ma'aunin tsayin tuddan, Sk kuma karkatar, amma shi ma kintace ne mai kyau, bai kai awo ba. Awon kuwa ba wuya: agogon matsi biyu a wurare biyu masu nisa da ka san tazararsu da bambancin tsayinsu, da mita mai auna yawan ruwa. Ka fitar da f, ka juya Colebrook ta baya, ks ya fito.

Ka kuma san inda dabarar yashi take ƙarewa. Jimenez a 2004 ya nuna sai kaurin shimfiɗar ruwa ya ninka tsayin kaushi wajen sau 40 kafin a amince akwai yankin logaridim na ƙwarai. Naka ninki 150 ne, lafiya lau. Amma ɗauki bututun inci ɗaya na cikin gida mai tsatsar milimita 1: ninki 12 da rabi kacal. In ka ɗaga idon farko sama da ks ka riga ka cinye yankin logaridim ɗin, in ka sauke shi ka faɗa rami. Gaba kura, baya sayaki. A nan ko dai ka zana tuddan da kansu cikin raga, ko ka bar kwamfuta ka koma awo. Masu kwaikwayon iskar hunturu a kan unguwanni irin wannan wahalar suke sha. Su da z0 suke aiki, wato ma'aunin kaushin doron ƙasa a wurin iska, kuma Blocken da abokan aikinsa sun nuna a 2007 cewa a Fluent ks = 9.793 z0/Cs. Unguwa mai z0 na rabin mita ta ba da ks na kusan mita 10, wato idon farko sai ya fi yawancin gidajen tsohon gari tsayi. Shi ya sa suke komawa ga ƙa'idar bango mai karɓar z0 kai tsaye. In kuma wata rana aikinka ya haɗa da wucewar zafi, ka tuna kaushi ya fi ƙara gogayya a kan yadda yake ƙara wucewar zafin, kamar yadda Dipprey da Sabersky suka auna a 1963, don haka dacewar f ba ta wanke maka lissafin zafi ba.

Shekarun baya an taɓa kira na wata tashar ruwa, famfo yana ta kuka ruwa ba ya kai wa tanki yadda takarda ta ce. Na yi kwanaki ina ƙara ks a kwamfuta, daga 1 zuwa 2 zuwa 3, ina jin kaina gwani. Ranar da masu walda suka yanke guntun bututun don sa bawul, wani dattijon fulamba ya ce, "Injiniya, zo ka sa hannu." Na zura. Cikin ya yi gurɗa-gurɗa kamar bayan kada, ƙullutun tsatsa wasu kamar ƙwayar gyaɗa, in ka ɓantare ɗaya baƙi ne a ciki, ja a waje. A ƙasan kuma laka ce da yashin damina sun kwanta sun daskare, har da ɗan zane-zanen da ruwa ke yi wa rairayi a bakin gulbin Rima. Bututun ba kaushi kawai ya yi ba, ya tsuke. In yawan ruwa bai canza ba, asara tana hauhawa ne bisa 1/D⁵ in faɗi ya ragu: daga milimita 300 zuwa 290, ƙarin kashi 18 cikin 100 ke nan, kafin a zo maganar kaushi. Ni kuwa duk na loda wa ks laifin, gudun ruwan da ke cikin lissafina ma ba daidai ba ne. In akwai inda aka taɓa yanke bututunka, ko wani bawul da za a iya kwancewa, tafi da awon ciki da tocila, ka auna faɗin a tsaye da a kwance, ka zo mini da lambobin biyu tare da karatun agogunan matsin.